Tukwane da Kayan Ɗaki a Ƙauyukan Yammacin Zamfara: Tarihinsu da Darasin da Ke Cikin Misalin Faransa

1.0 GABATARWA

Idan aka ambaci tarihin ƙasar Zamfara, abin da kan fara zuwa zukatan malamai shi ne jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe da ƙaurar fada daga wannan birni zuwa wancan. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, domin shi ne abin da marubuta da maroƙa suka fi kula da adanawa. Amma akwai wani tarihin da yake kwance cikin ɗakin matan ƙauye, watau cikin randa da tulu da kasko da akushi da gado da jeren ƙore. Waɗannan kaya suna iya gaya wa mai nazari abin da mutane suke ci, da wanda suke ciniki da shi, da yadda dukiya take tafiya daga uwa zuwa 'ya, da kuma lokacin da kasuwar duniya ta shigo tsakar gida.

Manufar wannan takarda ita ce a bi diddigin waɗannan kaya a ƙauyukan yammacin Jihar Zamfara, watau ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, inda ƙauyen Sunke na ƙaramar hukumar Anka zai zama misalinmu. Za a duba yadda ake yin su, da matsayinsu a ɗakin mace, da yadda suka ja da baya tun daga zuwan Turawa. Sa'an nan za a kwatanta su da takwarorinsu na ƙauyukan Faransa, waɗanda a yau attajiran Turai da Amurka suke rububin saye da sunan kayan da. Abin da takardar take son tabbatarwa ɗaya ne: abin da ya bambanta tsohuwar tukunyar ƙauyen Faransa da tamu shi ne an rubuta tarihin tasu tun masu yin ta suna raye, mu kuwa lokaci yana nema ya ƙure mana.

2.0 ƘASAR DA ABIN DA AKA RUBUTA A KANTA

Yankin da muke magana a kansa yana cikin kwarin Gulbin Zamfara da na Gulbin Ka, ƙasa ce ta noma da kiwo, mai fadamu da dazuka. Daga fadama ake samun yumɓu, daga daji ake samun itacen sassaƙa, daga gona kuma ake samun kara da duma. Ke nan duk abin da ɗakin amarya yake bukata a zamanin da yana iya samuwa cikin tafiyar yini guda daga ƙofar gida.

Bayan da Gobirawa a ƙarƙashin Sarki Babari suka ci Birnin Zamfara wajajen 1762, sarakunan Zamfara sun yi ta sauya mazauni har suka tabbata a Anka cikin rabin farko na ƙarni na 19. A yammacin Anka akwai sarautar Sarkin Danko a Bukkuyum da ta Sarkin Mafara a Gummi. Duk ƙasar ta zauna cikin Daular Usmaniyya, sa'an nan cikin Lardin Sakkwato bayan 1903, daga baya kuma cikin Jihar Sakkwato, har zuwa ranar 1 ga Oktoba 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. Wanda yake son cikakken bayanin wannan ɓangare zai same shi a kundin digiri na uku da Garba Nadama ya gabatar a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977.

Ta fuskar sana'a kuwa, ƙasar Anka ta yi sa'ar da yawancin ƙasashen Hausa ba su yi ba. Wani masani Bajamushe, Kurt Krieger, na gidan adana kayan al'adun al'ummai da ke Barlin, ya zauna a Anka a farkon shekarun 1950. Ya buga tarihin Zamfara a 1959, kuma a 1961 ya buga maƙala a kan ginin tukwane a gundumar Anka. Kafinsa, W. E. Nicholson ya yi rubutu a mujallar Man a 1929 da 1931 a kan maginan birnin Sakkwato, inda ya kasa su gida uku: Adarawa da Zoromawa da Rumbukawa. Sai dai aikin Krieger da Jamusanci yake, na Nicholson da Ingilishi, jikokin waɗanda aka yi rubutun a kansu kuwa kaɗan ne daga cikinsu za su iya karantawa.

3.0 GININ TUKWANE

Ginin tukwane a ƙasar Hausa sana'ar gado ce, kuma aikin rani ne, domin da damina gona takan kira kowa, ɗanyar tukunya kuma ba ta bushewa da wuri. A wasu garuruwa maza ke yi, a wasu mata, a wasu kuma sukan raba aikin tsakaninsu. Magini yakan haƙo yumɓu ya jiƙa shi, ya tsince tsakuwa, sa'an nan ya cuɗa shi da dakakken tsingaro ko ƙaiƙayi ko busasshen kashin jaki. Wannan haɗi shi ne sirrin sana'ar, domin shi ke hana tukunya tsagewa wajen bushewa da wajen gashi, shi ke kuma ba ta juriyar zama a kan murhu.

Hanyoyin gini biyu ne suka fi yaɗuwa. Ta farko, a kife tsohuwar tukunya, a barbaɗa mata toka, a shimfiɗa faifan yumɓu a bayanta ana bugawa har ya ɗauki siffarta; in ya sha iska sai a cire, a ɗora wuya da baki da hannu. Ta biyu, a sa curin yumɓu cikin ɗan rami mai siffar kasko, a riƙa dandaƙa shi daga ciki da dundunge ana juyawa, har cikin tulu ya fito kamar ƙwallo, bangonsa siriri kuma daidai ko'ina. Babu keken juyi irin na Turawa ko na Larabawa a cikin aikin. Ya kamata a lura da hanya ta farko, domin tana da ma'ana ga masanin tarihi: tun da a bayan tsohuwar tukunya ake gina sabuwa, siffa ɗaya tana iya wucewa daga kaka zuwa jika ba tare da ta sauya ba.

Ado kuwa yakan zama zane da tsinke, ko mirgina tufkakkiyar igiya a kafaɗar tukunya, ko shafa jar ƙasa a goge ta da dutse mai sulɓi har ta yi sheƙi. Gashi a fili ake yin sa ko cikin ɗan kewaye: a jera tukwane, a lulluɓe su da itace da kara da ciyawa da kashin shanu, a cinna wuta. Zafin irin wannan wuta ba kasafai yake wuce digiri 900 ba. Wasu maginan sukan yayyafa wa tukunya ruwan makuba ko na bagaruwa tun tana da zafi, don ta yi duhu kuma ta rage tsatstsafa.

Kowane aiki da irin tukunyarsa. Tulu na ɗaukar ruwa ne, shi ya sa wuyansa ya matse. Randa ta ajiya ce, takan zauna a inuwa a kan yashi mai laima. Kwatarniya mai faɗin baki ta jiƙo da wanki ce. Sai tukunyar tuwo da ta miya, da madambaci mai huji a gindi, da tanda ta waina, da kaskon suya da na turare da na jin ɗumi, da shantali na alwala, da asusu, da fitilar mai, har da indararo na kan soro.

Turawan farko sun ɗauki ƙarancin zafin gashi a matsayin ci-baya, amma amfanin tukunyar yana cikin wannan ƙarancin. Saboda jikin randa yana da ƙananan ƙofofi, ruwa yakan tsatstsafo waje iska ta busar da shi, na ciki kuma ya yi sanyi ko da a tsakiyar bazara ne. Saboda yumɓun bai narke ya zama kamar gilashi ba, tukunya takan jure harshen wuta a gefe guda ba ta fashe ba. Gindinta mai kumburi kuwa an yi shi ne don duwatsun murhu uku da kuma gammo.

4.0 ƊAKIN MACE DA KAYANSA

Bahaushen ƙauye ba mai tara kayan katako ba ne. Zamansa a ƙasa yake, a kan tabarma ko buzu, kuma abin da ake kira kayan ɗaki kusan dukkansa na mace ne. Iyayenta ke yi mata su, 'yan'uwanta mata ke zuwa su yi jere kafin a kai ta, kuma ko aure ya mutu da kayanta take fita, domin al'ada da shari'a sun haɗu a kan cewa mallakarta ce. Saboda haka ɗakin mace shi ne asusunta: in shekara ta yi kyau takan ƙara, in yunwa ko ciwo ya zo takan cire ta sayar, in 'yarta ta isa aure takan raba mata.

Babban abin da ke ɗakin shi ne gado. Akwai gadon kara, wanda ake saƙawa da karan dawa, mai arha kuma mai sauƙin sabuntawa. Akwai gadon tukurwa. Sai kuma gadon ƙasa, wanda ake ginawa tare da ɗaki, a bar masa rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi lokacin hunturu. A kansa ne maijego take kwanciya cikin kwanaki arba'in na wankan jego, saboda haka wannan gado ya shafi tarihin magani kamar yadda ya shafi tarihin gini.

Masassaƙi kuwa daga gungume ɗaya yake fitar da abinsa da gizago, babu ƙusa babu haɗi. Shi ke yin turmi da taɓarya, galibi da itacen ƙirya saboda taurinsa, da kujera 'yar tsugunno ta zaman girki, da muciya da koshiya, da allon karatu na itacen aduwa, da kuma baƙin akushi wanda ake zuba wa maigida da baƙo tuwo. Akushi yana riƙe zafin abinci, kuma in ya tsage akan ɗinke shi ko a ɗaure shi da ƙarfe a ci gaba da aiki da shi shekara da shekaru. Ga kuma aikin kaba da ciyawa: faifai da tabarma da lefe da adudu na ajiye tufafi da asabari na bakin ƙofa, sai ragaya da ake ratayewa a sa ƙwaryar nono don tsare ta daga ɓera da kyanwa.

Abin alfahari a ɗakin shi ne jere. A da ƙore ne gyararru, masu zane, ake ɗora ƙarama a kan babba a jikin bango, tare da faya-fayai masu launi, mai hali kuma ta ƙara da tasoshin tagulla irin na Bida ko na Kano. Yawancin waɗannan ba a cin abinci a cikinsu; aikinsu shi ne su nuna wa mai shigowa irin gidan da amarya ta fito da yawan dangin da suka tsaya mata. Wannan batu yana da muhimmanci, domin ya nuna cewa ajiye kwano don ado kawai tsohuwar al'adarmu ce, ba koyi da Turawa ba.

5.0 ZUWAN KAYAN KANTI

Sauyi bai zo rana ɗaya ba, kuma bai ci kowane abu lokaci guda ba. Bayan faɗuwar Sakkwato a watan Maris na 1903, haraji da kuɗin Turawa suka tilasta wa manomi noman abin sayarwa. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta isa Ƙauran Namoda a 1929, Gusau kuma ta zama cibiyar cinikin gyaɗa da auduga, inda kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna. Daga nan 'yan koli suka riƙa ɗaukar kaya a kan jakuna, daga baya a motoci, zuwa kasuwannin Anka da Bukkuyum da Gummi.

Abin da ya fara shan kaye shi ne jere. Kwanonin ƙarfe masu fenti, watau langa da fanteka da samira da danginsu, suka maye gurbin ƙore a jikin bango. Da farko daga Turai ake kawo su, sa'an nan daga Hong Kong, har aka kafa masana'antunsu a Ikko da Kano daga wajajen 1960. Al'adar jere ba ta mutu ba, kayan jeren ne suka sauya. Amma kuɗin da a da yake zuwa hannun gyartai da masaƙa faifai na ƙauye sai ya koma birni. Bayan jere sai gado: gadon ƙarfe mai rumfa, irin wanda aka sani da gadon Vono, ya zama burin kowace amarya, sa'an nan a shekarun arzikin man fetur aka shiga yayin gadon katako da kabad mai gilashi da fomaika, kafinta ya karɓe aikin masassaƙi.

A madafi kuwa tukunyar ƙasa ta gamu da abokan hamayya biyu: tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, da tukunyar alminiyam wadda maƙeran fari suke zubawa daga tarkacen ƙarafa. Bokitin ƙarfe da jarkar roba suka kori tulu daga hanyar rijiya, butar roba ta kori shantali, fitilar kwai da tocila suka kori fitilar mai. Dalilan a fili suke, kuma ba na raini ba ne: roba ba ta fashewa, ba ta da nauyi, yaro ma yana iya ɗauka. Abin da ya tsira shi ne wanda babu na kanti da ya fi shi aiki, watau randa saboda sanyin ruwa inda babu lantarki, da tanda, da kaskon turare, da turmi. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

6.0 MISALIN FARANSA

A nan ne kwatanci da Faransa zai yi mana amfani, domin ƙauyukansu sun bi wannan hanya shekaru da dama kafin namu. Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19 manomin Faransa da kayan yankinsa yake rayuwa. A kudu, garin Vallauris ya shahara da tukwanen girki, Biot da manyan randunan man zaitun, Anduze da tukwanen shuka. A kudu maso yamma akwai tukunyar ajiye nama cikin kitse, wadda ake yi wa shafen tangaran mai launin rawaya a sama kawai, a bar gindinta gaya don a binne shi cikin ƙasa mai sanyi. A Normandi uba yakan sa a sassaƙa wa 'yarsa babban kabad na aure, a kai shi gidan miji cike da tufafi, kamar dai kayan ɗakinmu. A Biritaniya ta Faransa akwai gado mai ƙyaure kamar akwati, wanda ake rufewa saboda sanyi, aikin da gadon ƙasa yake yi mana. Da jirgin ƙasa da masana'antu suka kawo kwanon fenti da alminiyam, sai mutanen ƙauye suka tura tsofaffin kayan nan rumbu da turke, suna jin kunyarsu.

Abin da ya faru bayan haka shi ne darasin. Mawaƙin nan Frédéric Mistral, wanda yake rubutu da harshen yankinsa na Provence, ya kafa gidan tarihi a garin Arles, aka buɗe shi a 1899, ya yi ta roƙon mutanen karkara su kawo tsofaffin kayansu. Da ya sami kyautar Nobel a 1904, kuɗin ya zuba wajen faɗaɗa gidan. Ya kamata mahalarta wannan taro su lura cewa mutumin harshe da adabi ne ya fara aikin, domin ya gane in abu ya ɓace sunansa ma zai bi shi. A 1937 aka kafa gidan tarihin fasaha da al'adun talakawa na ƙasa a birnin Faris a ƙarƙashin Georges Henri Rivière, kuma cikin shekarun yaƙin duniya na biyu aka tura matasan masu zane ƙauyuka suna auna kayan ɗaki suna zanawa, suna rubuta sunan kowane da asalinsa. An rufe wannan gida a 2005, kayansa suka koma sabon gidan tarihi da aka buɗe a Marsel a 2013.

Bayan masana sai 'yan kasuwa. A 1967 aka buɗe kantin Pierre Deux a birnin Niyok na Amurka, yana sayar da tsofaffin kayan karkarar Faransa, littafin da masu kantin suka fitar a 1984 kuma ya taimaka wajen mai da abin yayi. Tukunyar da tsohuwa ta jefar a bayan ɗaki sai ta koma kan kanta a falon attajiri, har tsagewa da dusashewar launi suka zama abin da ake biya. Mai saye yana iya cewa wannan ta gari kaza ce, ta ƙarni kaza, saboda an riga an rubuta.

Mu ma an taɓa yin irin wannan yunƙuri. Bernard Fagg ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, Sylvia Leith-Ross kuma ta tara tukwane daga sassan ƙasar nan ta buga littafinsu a 1970. Michael Cardew ya kafa makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yau, a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20. Amma a lura: randar Gwari da aka yi wa shafen tangaran aka gasa da zafin sama da digiri 1,200 ta yi nauyi, ta kuma daina sanyaya ruwa. Ta sami daraja a Landan, ta rasa aikinta a tsakar gida.

Dokarmu ma ta bar giɓi. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ɗauki abin hannu a matsayin kayan tarihi in an yi shi kafin 1918, ko kuma in an yi amfani da shi wajen wani bikin gargajiya. Akushi ko kujerar da aka sassaƙa a Anka a 1950 don aikin yau da kullum ba su shiga ciki ba. Fataken kayan da kuwa, waɗanda da yawansu Hausawa ne, kamar yadda Christopher Steiner ya nuna a littafinsa na 1994 a kan kasuwar Abijan, suna iya saye da arha su fitar. Abin da ya fita ta wannan hanya yakan isa Turai ba sunan gari, ba sunan wanda ya yi.

7.0 TUKUNYA DA DALMA

Akwai wata mahaɗa tsakanin ƙauyen Faransa da ƙauyen Sunke wadda ba ta da daɗin ji. Shafen nan mai ƙyalli, rawaya ko kore, wanda ya sa ake son tsofaffin tukwanen kudancin Faransa, da dutsen dalma ake haɗa shi. Maginansu suna kiran dutsen alquifoux, kalmar da ta samo asali daga Larabci al-kuhl, watau dutsen da muke daka kwalli da shi. Abu mai tsami yana iya narkar da dalmar da ke cikin irin wannan shafe ta shiga abinci, shi ya sa a yau ake gargaɗin masu sayen tukwanen kada su ci a cikinsu. Da a ce maginanmu sun ɗauki wannan dabara, da kunun tsamiya da miyar yakuwa da nono sun zama hanyar guba. Tukunyar Zamfara ba ta da shafe, don haka ba ta da wannan illa.

Dalma ta shigo gidajen yankin ne ta wata ƙofa. Da farashin zinariya ya hau, mutane suka koma haƙa, suna kawo dutsen gida ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ana shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dutsen kuwa yana ɗauke da dalma mai yawa. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan mutuwar yara, aka kuma tabbatar da gubar dalma ce. Yara kimanin 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Tsakanin 2010 da 2011 aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa a ƙauyuka bakwai: Dareta da Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da 'Yargalma da Tungar Guru, sai Bagega a 2013. Turmin da aka sassaƙa don gero ya zama kayan aikin ma'adini, abin da ya biyo baya kuwa kowa ya gani. Har ila yau, wani bincike da aka buga a 2014 a kan tukwanen alminiyam na tarkace a Kamaru ya nuna cewa dalma tana fita daga jikinsu wajen dafuwa, irin tukwanen da suka maye gurbin ta ƙasa a madafanmu.

Daɗin daɗawa, rikicin 'yan bindiga da ya addabi Zamfara tun daga farkon shekarun 2010 ya tashi ƙauyuka da dama, mutanensu suka yi gudun hijira zuwa Anka da sauran garuruwa. Mai gudun ceton rai takan ɗauki yaro da bokitin roba. Randa da turmi da gadon ƙasa a kufai ake barin su. Magini kuma in ya rabu da fadamar da ya san yumɓunta, da wuya 'ya'yansa su gaje shi.

8.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa tukwane da kayan ɗakin yammacin Zamfara an yi su ne daidai da ƙasar da bukatun mutanenta, cewa ɗakin mace shi ne inda tarihin tattalin arzikin ƙauye yake bayyana, kuma cewa kayan kanti sun kori wasu sun bar wasu bisa dalilai na zahiri. Misalin Faransa ya nuna cewa darajar tsohon abu tana bin bayan saninsa. Ya kuma nuna haɗarin da ke cikin yayi, inda abu kan tsira a matsayin ado bayan sana'ar da ta haife shi ta mutu.

Saboda haka ina ba da shawarwari huɗu. Na farko, a fassara maƙalar Krieger ta 1961 da rubuce-rubucen Nicholson zuwa Hausa, a koma da su Anka a karanta wa dattawan magina su gyara su ƙara. Na biyu, sassan Hausa da na tarihi a jami'o'in Sakkwato da Gusau da Zariya da Kano su ba ɗalibai aikin tattara sunayen tukwane da kayan aiki da karin harshen Zamfara, tare da awo da hoto da sunan garin da aka yi kowane. Kuma tun da shiga ɗaki sai mace, ɗalibai mata ne ya kamata su ja gaba. Tsofaffin da ke zaune cikin 'yan gudun hijira a Anka su ne na fara tuntuɓa. Na uku, Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da takwaransa na Zamfara su tanadi cikakken ɗakin amarya na kowane zamani, daga na ƙore zuwa na kwano zuwa na roba, domin na robar ma gobe tarihi ne. Na huɗu, ma'aikatan lafiya da na raya karkara su ƙarfafa amfani da randa da tukunyar ƙasa inda suka fi dacewa, domin ciniki ne ke riƙe magini a kan sana'arsa.

Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa; abin da yake bukata shi ne hanzari, domin tsofaffin da suka san bambancin yumɓun wannan fadama da na waccan suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Allah ya ba ƙasar Zamfara zaman lafiya, ya kuma ba mu ikon sauke wannan nauyi.